Tawadar Malam Mendel

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya gama kwashe sauran abin da ke kaina, da wata Lahadi a London da na tashi in nuna wa Yahudawa yadda muke girmama rubutu, saura kaɗan in zubar da mutuncin matar da ta riƙe ni kamar ɗan cikinta.

Lokacin kuɗin fetur ya fara yi wa gwamnatinmu yawa, ana ta ɗibar mu ana turawa karatu waje. Ni aikin ɗab'i aka turo ni in koyo. Na sha yawon neman ɗaki, ƙofa tana buɗewa, a ga fuskata, ta sake rufuwa, har Allah ya haɗa ni da Madam Rosen, wata dattijuwar Bayahudiya da mijinta ya rasu, a wani layi kusa da Tottenham. Ta ba ni ɗakin sama. Da ta ji ba na cin naman alade sai ta hau murna, ta ce ashe tukunyarmu ɗaya ce. Ban daɗe a gidan ba na koma kiran ta Mama.

Mama ce ta fara ganin allona. Baffana ne ya cusa mini shi a akwati ranar tafiya, sabo fil, da kurtun tawada da alƙaluman kara, wai kada Turawa su mantar da ni hanya. Ta tambaye ni mene ne wannan, ni kuwa baki ya buɗe. Na ce mata gidanmu gidan marubuta ne kaka da kakanni, kuma rubutuna har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. (Maganar gaskiya, kakana ne marubucin. Ni iyakata in rubuta a gane abin da na rubuta, kuma malaminmu ya sha cewa alifina kamar mai ciwon baya yake.)

Ashe na jawo wa kaina. Yahudawan unguwar suna da wani zaure inda suke bukukuwa da waƙe-waƙe da koya wa yara yarensu. Mijin Mama na cikin waɗanda suka kafa shi, ita kuma tana cikin kwamiti. Tun da ya rasu, zauren nan ne rayuwarta: can take wuni, can take da masu tambayar lafiyarta. A shekarar suna shirya baje kolin rubutun hannu, sai ta kawo shawarar a gayyato Musulmi ya zauna kusa da tsohon marubucinsu, Malam Mendel, kowa ya rubuta kalmar zaman lafiya da nasa harufan a kan abu ɗaya.

Lokacin kuwa bai yi daɗi ba. Ba a jima da gama yaƙi tsakanin Larabawa da Isra'ila ba, Larabawa sun matse famfon mai, mutanen London na layi a gidajen mai, wuta ma ana ɗauke ta. Shugaban kwamitin, Mista Gold, ɗan ƙanwarsa ya tafi yaƙin bai dawo ba. Ya ce sam bai yarda ba. Mama ta tsaya kai da fata, har ta ce musu, "Idan yaron nan ya yi abin da bai dace ba, ni na yi, kuma a ranar zan ajiye kujerata." Tana shafa man shanu a burodi ta ba ni wannan labari, kamar tana gaya mini za a yi ruwa gobe. Ni dai na ture kofin shayina gefe.

Abokina Garba, da na gaya masa, zaro ido ya yi. "Kai, ka yi cancel ɗin abin nan. Ka ce kana da exam."

"Ta riga ta yi printing ɗin sunana a programme."

"To Allah ya fishshe ka. Ni dai ban san ka da rubutu ba."

Ranar na sa babbar riga a kan suwaita biyu, na ɗora hula, muka hau bas. A hanya Mama ta dafa hannuna ta ce, "Akwai abu ɗaya game da kalmar da Mendel zai rubuta, ya kamata ka sani..." Ni kuma tsoro ya cika mini ciki, kuma ni mutum ne da idan na tsorata sai cika baki. Na katse ta, na ce, "Mama, ki kwantar da hankalinki. Ladabin rubutu a cikinsa aka haife ni." Ta dube ni, sai ga kwandasta ya iso, maganar ta wuce.

Zauren ya cika. A bango an rataye takardun aure masu zayyana, har da ta Mama da marigayi, an kewaye ta da furanni. Ga ƙananan rubuce-rubuce da suke naɗewa su maƙala a bakin ƙofa (na ce a raina, ashe su ma suna da laya). Ga hoton tsuntsu, sai da na matsa na ga ashe duk jikinsa ƙananan haruffa ne. Kuma daga dama suke farawa kamar mu. Da wata rana ce da na tsaya na more kallo, amma duk inda na juya sai in ji hira ta yanke, idanu na bin rigata.

Malam Mendel, tsohon marubucin, yana zaune a teburin gaba. Ɗan ƙaramin mutum ne mai farin gemu, hannunsa na rawa har sai ya kama alƙalami, sannan ya tsaya cak. Nasa alƙalamin na gashin tsuntsu ne. Ya ɗauki nawa na kara ya juya, ya shinshina kurtuna, ya tambaye ni me ke ciki. Na ce gawayi da ƙaro. Ya ce shi ma akwai ƙaro a tasa, ya fara lissafa mini sauran haɗin, amma ban ji ko ɗaya ba, hankalina na kan Mista Gold da ke tsaye ya harɗe hannuwa a ƙirji.

Na yi bisimilla na rubuta "Salam" a saman allon, kuma Allah ya rufa mini asiri, ya fita ba laifi. Malam Mendel ya jawo allon gabansa, ya rufe ido, ya motsa leɓe, sannan ya rubuta "Shalom" da tasa tawadar a ƙarƙashin nawa, harafi bayan harafi, ba gaggawa. Aka yi tafi, ba mai yawa ba amma an yi. Aka jingine allon ya bushe, aka raba shayi da biskit. Na hango Mama tana murmushi, ɗan bajon kwamiti na ƙyalli a ƙirjinta. Da na san ciwon kaina, nan ne wurin da zan yi godiya in nemi hanyar gida.

Bayan shayi aka ce mai tambaya ya yi. Mista Gold ya miƙe. Ya ce, "An ce mana a makarantunku kullum ana wanke allon nan a sake sabon rubutu. To rubutu mai tsarki, ina kuke zubar da shi? A kwata?"

Yadda ya faɗi "a kwata" ɗin ne ya taɓa ni. Na ji kamar kakana aka zaga. Na miƙe na ce, "Ba ma zubarwa. Bari in nuna muku."

Na ɗauko wani kwanon gilashi daga teburin shayi, na juye biskit ɗin ciki, na ɗauko tulun ruwa. Ta gefen ido na ga Mama ta ɗaga daga kujera, na ɗauka so take ta gani da kyau. Na tsayar da allon a cikin kwanon, na tsiyaya ruwa daga sama, na bi da tafin hannu tun daga kalmata har kan ta Malam Mendel, yadda na yi sau ba adadi ina yaro. Wata mata ta yi ƙara. Wani ya ce, "Tsaya!" Ni a tunanina mamaki ne ya kama su. Na kife allon a tebur, na ɗaga kwanon da hannu biyu yadda kowa zai gani, na kafa kai.

Jama'a, ban taɓa ɗanɗana abu irin wannan ba. Kamar an jiƙa tsohuwar ƙusa a ruwan bagaruwa. Maƙogwarona ya ɗaure, hawaye ya kawo, amma na daure na shanye tas, don ba a rage rubutu. Na ajiye kwano ina jiran tafi.

Ba wanda ya motsa. Har ƙarar bututun ɗumama ɗaki ana ji. Mista Gold ya tako gabana, fuskarsa ta yi ja.

"Ka san abin da ka goge?"

Na ce, "Zaman lafiya."

"Sunan Ubangiji ne! Ɗaya daga cikin sunayensa ne. A wurinmu ba a goge shi, ba a kankare shi. Kai kuma ka zo gidanmu, a gaban idonmu..."

Nan take na tuna. As-Salamu. Ni da na haddace sunaye casa'in da tara tun ban fara sa wando ba, ban taɓa kawowa a raina cewa su ma haka yake a wurinsu ba. Wannan ne abu ɗayan da aka so gaya mini a bas. Na juya na nemi Mama. Ta koma ta zauna, ba ta kallon kowa, yatsunta na kokawa da allurar bajon nan tana ƙoƙarin ɓalle shi. A bayan kanta ga takardar aurenta a bango. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwaya ba.

Na buɗe baki zan ba da haƙuri. Sai na ji muryar Malam Mendel, a hankali.

"Ina ruwan yake?"

Na nuna cikina.

"Duka?"

"Duka, Malam."

"Ko ɗigo bai zuba ƙasa ba?"

"A'uzubillahi," na ce, kafin in tuna inda nake. Sannan na shiga in-ina, ina bayanin cewa a wurinmu ba a barin rubutu ya taɓa ƙasa ko a taka shi, shi ya sa ake sha, ana ba mara lafiya, ana ba mai naƙuda, kuma ni girmamawa na yi nufi.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Mu idan littafi ya tsufa, binne shi muke yi kamar mutum. Ku ashe a ciki kuke binnewa." Ba wanda ya yi dariya. Mista Gold ya ce niyya ba ta mayar da abin da aka goge. Malam Mendel ya juya wajen teburin. Ya miƙa hannun nan mai rawa ya ɗago allon da na kife, ya karkata shi wajen taga, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo da shi ga jama'a.

"Gold, sa tabarau."

Kalmarsa na nan, baƙa wuluk, ko ƙafar harafi ɗaya ba ta tafi ba. Tawa ce ta ɓace, ko alama babu. Ashe tawadarsu da sinadarin ƙarfe ake haɗa ta, an yi ta ne don kada ta taɓa gogewa, sabon allon kuma ya tsotse ta har ciki. Abin da ya bi ruwa ɗan na sama-sama ne, shi ne na sha.

"Bai goge komai ba sai nasa," in ji tsohon. Ya dube ni. "Buɗe bakinka."

Na buɗe. Harshena da haƙorana sun yi baƙi ƙirin. Wata tsohuwa a layin gaba ce ta fara tuntsurewa, daga nan zauren ya ɗauka. Ina tsaye da babbar riga da baƙin harshe ana yi mini dariya, kuma ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba, don na ga Mama ta sauke hannu daga ƙirjinta, bajon na nan a maƙale.

Mista Gold bai yi dariya ba. Ya sa tabarau ya duba allon da kansa, ya ce allo mai rabin magana ba za a rataye shi ba. Aka kanga allon jikin abin ɗumama ɗaki ya sha iska. Na kai hannu wajen kurtuna don in sake rubuta kalmata, sai Malam Mendel ya ture shi gefe ya turo mini nasa.

"Da wannan za ka rubuta."

Hannuna ya fi nasa rawa, kuma nawa bai tsaya ba da na kama alƙalami. Sin ɗin ya fita kamar haƙoran tsoho, alif kuwa ciwon bayan nan ya tashi masa gadan-gadan. Na dubi tulun ruwa, na tuna wannan karon babu wanki. Haka aka rataye shi.

A bas, da muka kusa gida, Mama ta juyo gare ni. Ta ce, "Abin da nake so in gaya maka da safe ke nan." Na ce na sani, Mama, ki yafe mini. Sai ta ce, "Kakanka ne marubucin, ko?" Na sunkuyar da kai na ce shi ne. Ta ciro hankici ta ba ni, ta ce in goge leɓena, mutane na kallo.

Tun daga ranar, idan babba ya ce mini "akwai abu ɗaya," rufe bakina nake yi har ya gama, kuma kafin in girmama mutum sai na tambayi yadda ake girmamawa a gidansu. Bayan shekaru na koma London, Mama da Malam Mendel duk sun rasu, na leƙa zauren. Allon na nan an sa masa gilashi. A duk abin da na taɓa rubutawa a allo, shi kaɗai ne ba a wanke ba, kuma shi ne mafi muni.