Yadda Ake Dasa Bishiya Dubu Goma Ba a Ɗauki Tulu Ba

Kai da aka ɗora wa nauyin cika alkawarin da jami'arku ta yi na kiyaye muhalli, kwantar da hankalinka. Shekara huɗu na yi ina sakataren irin wannan kwamiti, a zamanin da kuɗin fetur ya sa har masinjan ofis ke hawa sabon babur. Jami'armu ta karɓi fili kusa da Mabai don buɗe gonar gwaji, ta kuma yi alkawari a gaban jama'a cewa duk itacen da ta sare za ta maye gurbinsa da goma. Bi ni daki-daki. Na ba ka tabbacin za ka sami lambar yabo, kuma ko laka ba za ta taɓa takalminka ba.

1. Fara da sarewa

Wanda bai sare ba, me zai maye? Kira katafila. Tamu kwana tara ta yi ta kwantar da itace dubu: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, har da kukar da masu zuwa kasuwar Yankara ke hutawa a gindinta.

Za a sami mai kuka. Tamu sunanta Goggo Safara'u, tsohuwa mai daddawa, wadda ɗorawa bakwai da ta gada daga mijinta suka faɗa cikin filin. Da kalwarsu take ciyar da jikoki huɗu. Ta zo ta tsaya gaban shugaban kwamitinmu, Dakta Maharazu, ta ce, "Alhaji, mi iccen nan suka yi maku?"

Dubi yadda gwani ke yi. Ya cire tabarau, ya yi murmushi, ya ce, "Goggo, bakwai aka ɗaukar maki, saba'in za a maido maki." Ya shige Landirobarsa. Ka haddace wannan. Alkawari ya fi daɗin faɗa idan injin mota na kunne.

2. Zauna a yi taro

Kada ka yi gaggawar taɓa ƙasa. Mu wata goma sha ɗaya muka yi muna taro a birni, a ɗaki mai sanyi, da kaji da lemo. Zama uku suka tafi kan launin allon da za a kafa. Kore ya yi nasara da ƙuri'a ɗaya.

3. Zaɓi itacen da ba ya ciyar da kowa

Kada ka kuskura ka dasa ɗorawa. Itacen da mutanen ƙauye suka san sunansa ba ilimi ba ne. Mu turare muka yo oda, dogon nan mai ƙamshin maganin mura, wanda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta kai baki. Dakta ya rubuta sunansa da Latinanci a takarda, kowa ya jinjina kai.

4. Yi dashe a ranar da babban baƙo ke da sarari

Ba damina ke sa ranar dashe ba, littafin babban baƙo ke sawa. Namu sai cikin bazara ya sami sarari, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa.

A nan za ka gamu da mutum mafi haɗari a wannan sana'a, wato wanda ya ɗauki abin da gaske. Namu shi ne Malam Nata'ala, mutumin Pauwa da muka ɗauka ya kula da dashen. Ya same ni ya ce, "Malam Abdulƙarim, in an sa su yanzu mutuwa za su yi. A jira ruwa ya sauka, ko a ba ni tanka."

Na ce masa an rubuta. Kai ma haka za ka ce. Kalmar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ranar biki makaɗa suka zo, aka yanka bijimi biyu. Babban baƙo ya dasa guda ɗaya da shebur mai ƙyalli, aka kawo masa ruwa a buta ya wanke hannu. Wannan ruwan da ya zuba a gindinta shi ne ban ruwan ƙarshe da jami'a ta yi. Tankar ta iso daga baya, amma furannin gidan Dakta suka fi buƙatarta.

5. Nemo akuya

Malam Nata'ala ya yi ta jigilar ruwa da garwa daga rijiya mai nisa har kafaɗarsa ta kumbura. Mutum ɗaya, rami dubu goma. Kafin ruwan farko ya sauka duk sun zama tsinke.

Kada ka rubuta "sun bushe". Rubuta cewa dabbobin makiyaya sun yi ɓarna, kuma mutanen yankin na buƙatar wayar da kai. Akuya ba ta karanta rahoto, mai ita ma haka.

6. Idan mai dubawa zai zo, duba gonar maƙwabta

Bayan shekara uku wasiƙa ta iso: wata ƙungiyar ƙasashen waje za ta turo Bature ya ga dajinmu. Dakta ya kwana biyu ba ya iya cin tuwo. Muka garzaya Mabai, muka tarar da allo kore yana gadin fili fetal.

Sai ga wani kore can a gefe. Ashe Goggo Safara'u ba ta zauna jiran saba'in ɗinmu ba. A 'yar gonar da ta rage mata a bakin iyakarmu ta shuka kalwa da ƙwaran kaɗanya. Da rani ta ɗauko ruwa a tulu, ta kewaye kowanne da ƙaya, da kaka ta nome ciyawar gindinsu saboda wuta. Arba'in da ɗaya suka rayu, wasu sun kai kafaɗar mutum.

Dakta ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Anya iyakar nan an auna ta daidai?"

Kafin mako ya zagayo an sake awo, waya mai ƙaya ta zagaye gonar, allo ya yi ƙaura. Bature ya zo cikin damina, ya ɗauki hoto, ya yaba mana da muka zaɓi itatuwan gida. Da ya tambayi sauran, muka nuna masa rafi ya cika ya tumbatsa, muka ce suna ƙetare. Ya dubi takalminsa, ya ce ya gamsu.

7. Kare dajinka daga wadda ta shuka shi

Goggo ta je wurin dagaci, aka ce mata filin hukuma ne yanzu. Ta dawo bakin waya ta ce wa Malam Nata'ala, wanda muka mayar mai gadi, "Ban ce a maido mani ba, ɗana. A bar ni dai in nome masu ciyawa kahin kaka ta wuce."

Ya buɗe mata ƙofa. Kwana uku tana shiga da fartanya kafin labari ya iso mana. Muka sallame shi saboda barin baƙi cikin gandun bincike, muka sa kwaɗo. Da ya zo karɓar takardar sallama bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "To wa za ya nome?" Na ce an rubuta.

Ciyawa ta bushe a tsaye har ƙugu. Wata ranar Laraba da azahar masu farautar gafiya suka sa wuta a jeji, iska ta kawo ta. Goggo ta rugo da tulu, jikokinta na biye da ƙore da kwano. Ta watsa ruwan ta saman waya, ko itacen farko bai kai ba. Tana riƙe da wayar har wutar ta gama. Waɗanda suka janye ta sun ce tafin hannunta duk jini ne, ba ta ma sani ba.

8. Karɓi lambarka

Lambar ta iso a watan da ya biyo, cikin akwati mai auduga. Dakta Maharazu ya zama farfesa da takardar da ya rubuta kan raya itatuwan gargajiya. Ni aka ba ni ofis mai kafet. Gobara kuwa, ka riga ka san waɗanda za ka rubuta sun jawo ta.

Gargaɗi

Ni hanya kawai na nuna, ban ce ka bi ba. Rijiyar da ta ƙafe, gonar da zaizaya ta cinye, miyar da aka sha babu daddawa, babu ruwana da ko ɗaya. Haka kuma in wata rana ka tsaya shan mai a Yankara, wata tsohuwa da ke tallan itacen girki ta gane ka, kada ka zo mini da ƙorafi. Ba za ta zage ka ba. Za ta sauke kayanta, ta gaishe ka da kyau, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Yaya iccenku, Malam? Suna dai girma ko?"

Abin da za ka ce mata ba ya cikin wannan darasi. Ni dai ranar da ta tambaye ni, kuɗin mai na biya na ja mota.