Yadda Za Ka Kafa Rumbun Waƙa a Gida, Ka Goge Surukarka

A kasuwar hatsi ta Gusau ana cewa Malam Sahabi bai taɓa tambayar hanya ba, ko da ya ɓata. A Tsafe kuwa cewa suke ya taɓa gyara rediyo, har yau ba ta sake magana ba. Matarsa Kulu kuwa kallo kawai take yi. Bi sawunsa, ina tabbatar maka kafin la'asar gidanka zai sami rumbun waƙa da kowace waya za ta riƙa sauraro, kai kuma ka rasa inda za ka sa kanka.

1. Nemo kwamfutar da ba taka ba

Masana sun ce tsohuwa ma ta isa. Sahabi ya ɗauko ta Kulu, wadda take naɗewa da zane. A ciki ne kawai muryar marigayiya Innarta take, tana waƙar daka a tsakar gida a 'Yandoto. Duk Juma'a Kulu na kunnawa. Kar ka tambayi mai kayan. Tambaya tana rage wa gwani kwarjini.

2. Sanar da duniya

Tun ba ka taɓa komai ba, gaya wa majalisa cewa kai ka bar tura waƙa daga waya zuwa waya, Linux za ka sa. In an ce mene ne shi, ka ce, “Kyauta ne, kuma a buɗe yake.” Ka yi shiru. Ba mai ƙara tambaya, don kowa na tsoron a gane bai sani ba.

3. Kar ka kwafi komai

Za a ce ka fara adana abin da ke ciki a filashi. Wannan shawarar masu ƙarancin tawakkali ce.

4. Nemi fassara ta waya

Kana fara sa Linux ɗin a kwamfutar, allo zai jefo maka tambaya da Turanci. Sahabi ya kira abokinsa Mas'udu mai shagon caji a Bungudu, ya karanto masa harafi-harafi.

“Cewa ta yi za ta goge faifan,” in ji Mas'udu.

“Madalla! Shekara bakwai ko tsumma bai gani ba.”

“Malam, tsaya, ba irin wannan gogewar…”

“Kai dai ka cika tsoro, Mas'udu.”

Kashe wayar. Danna ka amince. In ta sake tambaya ko ka tabbata, ka ji haushi, ka danna da ƙarfi.

5. Yi bikin buɗewa

Abin takaicin shi ne zai yi aiki. Sa manhajar waƙa, zuba waƙoƙi, haɗa wayoyin gida. Sahabi ya zauna a kan tabarma yana canza waƙa daga nesa kamar mai ba da umarni a ma'aikata, maƙwabta na leƙe. Sai Kulu ta fito tana share hannu da gefen zane.

“Malam, sa mini Inna in ji ta a babbar sifika.”

Nan za ka rubuta “Inna” a wurin nema. Rubuta da babban baƙi. Rubuta da ƙarami. Share gumi.

6. Raba laifi

Akwai wuta, akwai zafi, akwai netwok. Sahabi ya ba kowanne kwana biyu, ragowar ya ɗora wa Mas'udu, wanda ya duba na'urar ya ce sabbin waƙoƙin sun hau kan wurin da muryar Inna take, ba abin da zai dawo. In mai ɗakinka ta ce, “To, Allah ya kyauta,” ta ci gaba da kawo maka tuwo a kan lokaci, kar ka ɗauka ka tsira.

Gargaɗi: marubucin nan saurare kawai ya yi ya rubuta. Duk wanda ya bi matakan nan, shi da iyalinsa ne. Kar a turo mini kowa biko. Mataki na bakwai kuma ba ni da shi, don ba gwani ne ya yi shi ba.

Ranar Juma'a da hantsi Sahabi ya ji Kulu na daka tana rera waƙar Inna a hankali. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta koma farko, ta sake zuwa wurin, ta sake tsayawa, taɓarya a hannu. Baitin nan dama shi take jira Inna ta tuna mata duk mako.

Ya kashe rumbunsa, ya zo bakin turmi ya tsuguna.

“Kulu, ba wuta ba ce, ba Mas'udu ba ne. An tambaye ni har sau biyu, ni na danna. Ki yafe mini.”