Rasuwar Kofi, Jaririn Roba na Baban Damata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wato zuciyar maigidana Saani, Baban Damata, don ni tun jiya bakina ya ƙi rufuwa, muke sanar da 'yan uwa na unguwannin Concourse Village da Jamaica, har da na Flatbush in saƙon ya kai, cewa eh, abin da kuka ji gaskiya ne. Kofi ya rasu. Jiya Talata da hantsi, a cikin bahon wanka.

Ga wanda bai san shi ba, Kofi jaririn roba ne da Baban Damata yake sawa a finafinansa. Ranar Juma'a aka sayo shi a Fordham Road, shekara huɗu ke nan, shi ya sa sunan, don a Kumasi ɗan Juma'a Kofi ake ce masa. Kun san mutumin naku, Litinin zuwa Juma'a tasi, Asabar da Lahadi darakta, ga makarantar nan ta Manhattan da yake zuwa, inda manya da gemunsu suke tsayawa su yi ta faɗin abin da ya zo musu baki, ba rubutu ba komai, improv suke ce masa.

Marigayi yana da hali mai kyau, wannan ba zan danne masa ba. In aka danna cikinsa sai ya ce "Waaa, waaa, mama", sau uku, ya yi shiru. Bai taɓa ƙarawa ba, bai taɓa ragewa ba. Bai taɓa yi wa 'yar wasa tumbuɗi a leshinta ba. Ya fito a fim huɗu, biyu namiji biyu mace, bai yi gardama ba. An nuna shi a wani ƙaramin bikin finafinai a Brooklyn, Turawa suka tafa masa. Sunansa ne na biyar a jerin sunayen ƙarshen fim. Ni da na dafa wa mutum goma sha ɗaya waakye, wato shinkafa da wake, har sati shida, sunana yana can ƙasa, bayan na mai shagon wanki da ya ba su aron wuri, lokacin an riga an kunna fitila kowa yana laluben rigar sanyinsa.

Yana da kujerarsa ta mota. Yana da hula uku da Baban Damata ya zaɓa da hannunsa. 'Yata Damata kuwa, wata takwas, ga kumatu ga ido, duk wanda ya gan ta a jirgin ƙasa sai ya yi mata wasa, ba ta taɓa shiga gaban kyamarar ubanta ba. Na yi magana har na gaji. Ya ce: "Fusena, jariri na gaske bai san action ba, bai san cut ba." Na ce to ba kai ne mai improv ɗin ba? Ya ce wannan daban.

Jinya ba ta yi tsawo ba. Surukata Hajiya ta iso daga Kumasi sati biyu da suka wuce don ganin jika. Jiya da ta gama yi wa Damata wanka, ta hango marigayi a kan kujera, ta ɗaga shi ta jujjuya. Ta san roba ne, kada wani ya ce Hajiya ta rikice. Abin da ta ce shi ne: "Wannan ne duniya take kallo a matsayin ɗan gidanmu? Da wannan ƙeyar kamar gora? Ba wanda ya gasa masa kai?" Ta ce in ɗora ruwa. Ni wace ce da zan yi wa uwar miji musu? Na ɗora. Na bar shi ya tafasa sosai, don Hajiya ba ta son rabin aiki. Ta tsoma tawul tana danna kan tana mulmulawa yadda ake yi wa jarirai a gida, ta tsunduma shi a baho, ta bi shi da man kaɗanya. Kai ya lotsa gefe guda, ido ɗaya ya shige ciki. Maganarsa ta ƙarshe ita ce "Waaa, wooo, mmm". Baban Damata ya dawo ya canja batir sau uku, ya binne shi cikin buhun shinkafa wai ta tsotse ruwan. Shiru. Ya kalli uwarsa, ya kalle ni.

Marigayi ya bar darakta ɗaya, da hulunansa, da Abdou mai riƙe sandar makirfo, wanda ya fi kowa jin mutuwar, don kunnensa ne zai sha ihun jariri na gaske. Ya kuma bar fim da bai ƙare ba. Saura ɗaukar sashe ɗaya, na ranar suna, Asabar ɗin nan, an riga an karɓi aron zaure an gayyaci mutane. Suna kuwa ba ya yiwuwa sai da jariri. To jama'a, yau da safe Baban Damata ya tsaya ya daɗe yana kallon Damata, can ya ce: "Bari mu gwada ta." 'Yata za ta fito a fim! A matsayin 'yar kwana bakwai za ta fito, ya ce za a naɗe ta sosai kada a ga cinyoyin.

Jana'iza: ba salla, ba makara. Juma'a bayan la'asar za a kwantar da shi cikin kwalin takalmi a ɗora saman wadirob, don maigida ya ƙi a jefa shi shara. Zaman makoki a gidanmu, hawa na tara, akwai koko da ƙosai.

Roƙon iyali ɗaya ne: kada kowa ya kawo mana jaririn roba da sunan ta'aziyya. An ga Abdou yana neman irinsa a waya, wai kwana biyu ake kawowa har ƙofa. In kwali ya iso gidan nan kafin Asabar, to Hajiya tana nan sai bayan salla, ni kuma ban taɓa yi mata musu ba. Ku tura wa kowa, ku fara da matar Abdou.