Bokitin Kakana

Ku matso nan, wanda kunnensa ya yi nisa ya aro na maƙwabci. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru, ina ji ina gani.

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka kai jikata Saratu gidan miji a Kankia. Mu mutanen Bauranya muka cika tsakar gida, dangin ango suna gefe, 'yan boko tun daga kaka har jika. Ƙawayen amarya kuwa ba sa haɗa magana biyu sai sun barbaɗa Turanci, kamar mai zuba yaji a kunu. Abin ya ishe ni. Na miƙe tsaye (da gwiwar nan da nake cewa ta hana ni shara) na kafa doka: duk matar da ta sake furta kalmar Turawa a wajen nan, ita za ta wanke tukwanen biki. Na ƙara da cewa ni tun da aka haife ni Turanci bai taɓa hawa harshena ba. Ba wanda ya tambaye ni. Kyauta na ba da.

Mata suka yi guɗa, kaina ya kumbura. Sai na juya na ce wa wata, "Ke, ɗauke bokitin nan daga hanya."

Goggon ango, Malama Rabi, wadda ta tsufa tana koyarwa a firamare, ta gyara mayafi a hankali.

"Yaya, mi kika ce a ɗauke?"

"Bokiti."

"To, soso da sabulu suna bakin rijiya."

Mai hankali a nan zai yi dariya ya zauna. Ni sai na gyara murya. Na shaida wa taro cewa kakana, maƙerin Bauranya, shi ya fara ƙera bokiti, shi ya raɗa masa suna, Turawa a hannunsa suka gani suka tafi da shi. (Haka goggona ta faɗa mini ina yarinya. Ita ce kuma ta taɓa ce mini kura ta gaishe ta a hanyar kasuwa, amma a ranar ban tuna wannan ba.)

"Allah ya jiƙan maza," in ji Malama Rabi. "Ashe da manya muka haɗa zuri'a. Sai dai Turawa na faɗinsa tun ba a haifi kakan kakanki ba. Su ma ba nasu ba ne, wajen Faransawa suka aro."

Wata ƙawar amarya ta latsa waya. Sai ga muryar baturiya tana kiran sunan bokitin kakana, sai ka ce 'yar garinmu ce mura ta kama.

Na ce a ba ni ruwa a kofi.

"Shi ma nasu ne, Yaya."

Na ce to a kira mini mota in koma gida.

"Ita ma."

Na dubi Saratu, jikinta na rawa cikin lulluɓi. Na ce Allah sarki, ɗiyar nan kukan kunyata take. Ashe dariya ce ta kusa shaƙe ta.

Mata suka ce an yafe, ai tsohuwa ce. Na ce a'a, wanda ya haƙa rami da hannunsa ba ya neman a cike masa. Na naɗe hannun riga na durƙusa gaban tukunyar shinkafa, surukai na wucewa suna yi mini sannu da aiki cikin ladabin da ya fi mari zafi.

Saratu tana nan lafiya, 'ya'yanta na kirana da wani suna na Turawa, ina amsawa. Yarinyar wayar nan ta auri jikana, ita ke dafa mini tuwo yanzu. Malama Rabi ta zama aminiyata, duk sallah sai ta aiko a gaishe da jikar maƙeri. Kakana kuwa ya koma ƙera fartanya a labarina, inda aka san shi. Ni kuma na koyi cewa kafin tsohuwa ta yi shela a kan tsarkin bakinta, ta fara leƙawa ta ga baƙi nawa suka tsufa a ciki.