Rasuwar Lasifikar Kwaɗin Millbrook

Da zuciya cike da baƙin ciki, da maƙogwaron da har yau bai dawo daidai ba, ni Lorraine Pruitt nake sanar da iyayen ƙungiyar ninƙaya ta yaran unguwarmu, Kwaɗin Millbrook, rasuwar lasifikata ta hannu. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a cikin ruwa, a gaban jama'ar da ba wanda ya miƙe daga kujerarsa.

Marigayiyar ta shigo hannuna shekarar da 'yata Tessa ta fara ninƙaya tana 'yar shekara shida. An ce in riƙe ta na safiya ɗaya, kafin a samu mai karɓa. Bana Tessa ta cika sha takwas, shekararta ta ƙarshe a ƙungiyar, kuma har yanzu ana neman mai karɓar.

Wurin aikinmu ni da ita yana bayan katanga, kusa da banɗaki, inda ake tara yara a jera su kafin a tura su bakin ruwa. Daga can ba a ganin tsere, sai dai a ji ihu. Don haka duk tseren da Tessa ta yi, da kunne na bi shi. Na sha roƙon a riƙe mini marigayiyar na ɗan lokaci in je in ga 'yata. Kullum mai ciwon baya yana da ciwon baya, mai kofi a hannu bai gama sha ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba kamar wasu iyayen ba. Ba ta taɓa cewa saƙon rabon aiki bai shigo wayarta ba. Ba ta taɓa tafiya hutu bakin teku ranar da aikinta ya zagayo ba, ta dawo tana tambayar dalilin da ya sa ba a saka ɗanta a tseren karɓa-karɓa na 'yan huɗu ba. Duk wanda ya san ta zai tuna ƙiii ɗin da take yi kafin ta fara magana, da ƙurrr ɗin da take rufewa da shi, wanda ke fito da yaro ko daga ƙarƙashin teburin donot ne.

Ta bar salatif ɗin da ya riƙe mata murfi, da batura biyu, da baƙin alƙalamin maka da ake rubuta wa yara lambar tsere a dantse da shi. Ta kuma bar iyaye fiye da ɗari, lafiyayyu, zaune a inuwar rumfunan da suke zuwa kafawa tun da asuba. Kama wurin inuwa ne kaɗai aikin da ba a taɓa roƙonsu ba.

Tun farkon bazara take tari, amma ba shi ya kashe ta ba. Ajalinta Mista Grant Whitlock ne, wanda alƙaliyar tsere ta cire ɗansa, ɗan shekara bakwai, daga tsere, saboda ya taɓa bango da hannu ɗaya maimakon biyu a ninƙayar kwaɗo. Bawan Allah da bai taɓa sanin hanyar bayan katanga ba, ranar ya same ta a guje.

"Malama, ba ni abin nan!" ya ce, ya fizge ta, ya nufi bakin ruwa. "Ke alƙaliya! Idonki lafiya kuwa? Hannu biyu ya sa, ina da bidiyo! Za ki ji daga lauyana!"

Yana ja da baya yana nuna ta da yatsa, ƙasa ta ƙare, ya faɗa ruwa da ita. Marigayiyar ta yi ƙiii, ta yi ɓulɓul, ta yi shiru. Shi an tsamo shi da rai.

Yara suka watse. Shugabar kwamitinmu, Pam Ostrander, ta zo da fankarta 'yar hannu tana murmushi. "Haba Lorraine, ƙawata, ki daure ki yi da baki mana. Ke ce kika iya."

"Na iya, Pam," na ce. "Ga bakinki nan shi ma, sabo fil."

Na zagaya katangar nan na tsaya a bakin ruwa. Tseren ƙarshe na manyan 'yanmata ne, su ba sa jiran a jera su. Tessa ta hau dandamalin tashi, ta gyara tabarau na ruwa, sannan ta juya wajen banɗaki ta ɗaga hannu. Wata uwa a gefena ta ce, "Ai kullum haka take yi, tun tana ƙarama." Ban sani ba. Wallahi ban taɓa sani ba, kuma abin ya soke ni. Na kira sunanta da busasshen maƙogwarona, ta waigo, ta gan ni, har ta kusa makara da tashi. Ta zo ta biyar, kuma na ga kowane bugun hannunta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, a bayan katanga, kusa da banɗaki. Masu zuwa ta'aziyya su sani babu inuwa a wurin. Sabuwar lasifikar da Mista Whitlock ya sayo tana bakin ƙofa cikin kwalinta, kuma gadon nasa ne, duk da aikin da ke tare da ita. Ba a neman masu ɗaukar gawa, don mun san abin da bayanku ke yi in an ce ɗauka. Tessa ce za ta ɗauke ta. Ta ce hakkinta ne, tunda a duk gidanmu muryar marigayiyar ce kaɗai take isa gare ta a bakin ruwa duk ranar tsere.