Takalmin Iya a Kan Layi

A Tungar Sanyi, can bakin gulbi inda hanyar mota ke ƙarewa, akwai wani gida mai ɗaki uku da giginya ɗaya a tsakar gida. Mutum uku ne a cikinsa: Iya Tamu, tsohuwa mai yanar ido, da ɗanta Tunau, da matarsa Lantana, wadda Allah ya zuba wa haƙuri kamar don wannan gidan aka yi ta. Tunau ya ba arba'in baya. Ƙato ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya ƙarya. Abu ɗaya ne da shi: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ba a sa shi komai ba, sai ya tafi bakin ruwa ya zauna yana kallon gajimare na tafiya a cikin gulbi, har sai an je an taso shi. Gado ya yi, don mahaifinsa marigayi Nomau haka yake. Tun ranar da aka binne Nomau kuwa, shekara biyar ke nan, ba wanda ya sake jin dariyar Iya.

A shekarar da nake ba ku labari an zo zaɓen kansila, sai masu shirya zaɓe suka ce za a gwada wani sabon abu. Za a buɗe akwati kwana bakwai kafin ranar zaɓe, saboda waɗanda ranar ba za ta same su a gari ba: masunta masu gangarawa kamun kifi, da marasa lafiya, da tsofaffi. Iya na cikinsu, don ranar zaɓe tana birni ana yi mata aikin ido. Kuma ta ƙwallafa rai a kan abin. Zaɓen da ya wuce, akwatin Tungar Sanyi ya faɗa gulbi wajen ƙetarewa da shi, ƙuri'un garin duka suka zama kunu. "Ni dai," in ji ta, "kafin in bi Nomau, ina so a ƙirga tawa ko sau ɗaya ne."

Malam Isiyaku, tsohon hedimasta, shi aka ba shugabancin rumfar zaɓen, a ƙarƙashin tsamiyar makaranta. Da aka zo neman mai tsaron akwati da ƙofa sai rigima ta tashi. Jam'iyya biyu ce a garin, mai alamar tulu da mai alamar agwagwa, kowacce ta ƙi mutumin ɗayar. Aka yi ta ja har wani ya ambaci Tunau. Nan take kowa ya yarda. Tunau ba shi da jam'iyya, don ba wanda ya taɓa ce masa ya shiga. Da labari ya iso gida, Iya da kanta ta lalubo rigar Nomau daga ƙasan adaka ta miƙa masa.

Wata rana, wato ranar farko, Malam ya ajiye akwati a kan tebur ya ce, "Tunau, kada ka ɗauke ido daga kan akwatin nan." Tunau ya ce to. Ya zuba masa ido tun hantsi. Akwatin na roba ne, ana ganin cikinsa, takardu na sauka ɗaya bayan ɗaya, Tunau yana ganinsu kamar balbelu masu sauka a kan yashi. Mutane suna gaishe shi yana amsawa bai juyo ba. Da azahar Lantana ta kawo tuwo, ya kai hannu yana lalube, ya yanko loma, ya tsoma ta cikin kwalbar tawada, ya kai baki. Ya tauna a hankali ya ce, "Lantana, yau miyar ba gishiri." Da Malam ya ga leɓensa ya yi shuɗi sai ya riƙe baki. "Ba sai ka zura masa ido haka ba," ya ce. "Kai dai kada ka rabu da shi." Tunau ya nemo igiya, ya ɗaure bakinta ɗaya a hannun akwati, ɗayan a ƙafarsa.

Wata rana Malam ya ce, "Duk wanda ya zo, karɓi katinsa ka duba. In fuskarsa ba ta yi daidai da hoton ba, ba zai shiga ba." Katunan kuwa shekara shida da yin su. Tunau ya tsaya bakin layi yana duba kati yana duba mutum. Wanda ya karkata hula a hoto, sai ya karkata ta. Wanda ya ɗaure fuska, sai ya ɗaure. Wata mata da hasken hoto ya firgita a wancan lokacin, sai da ta zaro ido tukuna ta wuce. Kafin hantsi ya ɗaga, layi ya cika da mutane kowa yana ƙoƙarin tuno fuskar da yake da ita shekara shida baya, wasu na dariya, wasu kuma sun yi tsit, don abin ya tuno musu da waɗanda suka tsaya tare da su a ranar.

Ana cikin haka Iya ta iso, Lantana na riƙe da hannunta. Tunau ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi kati. Ya daɗe yana kallo. A hoton Iya dariya take yi har da kai baya. Kowa a garin ya san dalili. Ranar ɗaukar hoton, mai hoto ya daka tsawa ya ce kada kowa ya motsa. Nomau yana can gefe, ba ma shi ake ɗauka ba, amma ya sandare, ƙudan zuma ya zo ya sauka a kan hancinsa, bai ko ƙifta ba. Shi Iya ta hango.

"Iya," in ji Tunau a hankali, "wannan matar dariya take yi."

"Ni ce, Tunau."

"Na san muryarki ce. Amma fuskar ba ita ba ce."

Malam ya taso da sauri. "Kai, wane irin shirme ne wannan? Iya, wuce ki jefa, kowa ya san ki."

Iya ta ɗaga masa hannu. Ranta ya ɓaci, ya ɓaci sosai. "Ƙyale shi, Malam. An ba shi aiki, bar shi ya yi. Ɗan da na haifa ya ce bai gane ni ba. Ba zan jefa ba sai ranar da ya gane ni." Ta tuɓe takalminta ɗaya ta ajiye a kan layi, yadda ake yi a Tungar Sanyi in mutum zai bar layin famfo ya dawo. Ta juya da ƙafa ɗaya ba takalmi. Katin ma ba ta karɓa ba. Tunau ya cusa shi cikin hula.

Wata rana Malam ya karanto daga takardarsa cewa ba a yarda a ga alamar kowace jam'iyya ba taku ɗari daga rumfa. Shi fosta yake nufi da huluna. Amma tsamiyar makaranta tana kan hanyar gulbi. Tunau ya tare mata masu ɗiban ruwa, ya ce kowacce ta zagaya da tulunta ta bayan masallaci. Suka zagaya suna tsaki. Agwagi ne suka ƙi jin magana. Ya roƙe su, ya yi musu bayanin doka, suka ci gaba da kiwonsu. Sai ya bi su a guje, ya manta da igiyar ƙafarsa. Igiya ta ƙare, ƙato ya kife, akwati ya biyo shi daga kan tebur ya sauka a gadon bayansa bai ko tsage ba. Yana kwance ya ɗago kai ya ce, "Malam, ban rabu da shi ba." Wakilan jam'iyyun biyu, Korau na tulu da Jatau na agwagwa, ranar ce kaɗai aka gan su suna dariya tare.

Wata rana aka ce masa ƙuri'a sirri ce, kada wani ido ya ga inda mutum ya dangwala. Tunau ya dubi ɗan lungun da aka kewaye da zana, ya ga sama a buɗe, ga tsuntsaye a kan tsamiya. Ya ɗora asabari a sama, ya toshe kafofin zanar da tsumma, ya rataya bargo a ƙofa. Ciki ya yi duhu da sanyi. Sarkin Ruwa Barmo, wanda ya yini jiya yana gyaran tarun kamun kifi, shi ya fara shiga. Aka jira, aka jira. Malam ya ce a leƙa, Tunau ya tare ƙofa ya ce sirri ne. Inuwar tsamiya ta matsa daga wannan gefe zuwa wancan, mutanen layi suka zazzauna, wasu suka fara gyangyaɗi, gulbi na ta wucewa abinsa. Can sai aka ji minshari. Da Sarkin Ruwa ya fito yana miƙa, ya ce ya yi mafarki an gina gada har birni, ya bi ta da ƙafa, kifaye na gaishe shi daga ƙasa. Sai da aka yaye asabarin sannan ya koma ya dangwala.

Duk kwanakin nan takalmin Iya na nan a kan layi. Layi ya matsa, Tunau ya matsar da shi. In ya iso gaba, sai ya mai da shi baya, tunda mai shi ba ta zo ba. Lantana ta roƙi Iya ta roƙi mijinta, ba wanda ya sauko. Shi kuma duk lokacin da layi ya yi sauƙi sai ya ciro katin daga hula ya yi ta kallon matar da ke dariya, yana kewarta kamar wadda ta yi tafiya.

Wata rana, ta bakwai kuma ta ƙarshe, hadari ya haɗu tun azahar. Dokar ranar ita ce ƙarfe huɗu a rufe, amma duk wanda ke kan layi kafin huɗu sai ya jefa. Wani ma'aikaci ya ƙetaro daga hedikwata da jaka a hannu don ya tafi da akwati, kwale-kwale na jiransa. Huɗu ta buga, ba kowa a wurin sai Malam da Tunau da wakilai da ma'aikacin. Malam ya ɗauko abin liƙe bakin akwati. Tunau ya rungume akwatin.

"Malam, akwai mutum a layi."

"Ina?"

Ya nuna da haɓa.

"Tunau, wannan takalmi ne."

"A famfo takalmi mutum ne. A asibiti ma haka. Kai ka ce sai na kan layi ya jefa."

Malam ya juya ga wakilai ko za su taimake shi. Amma Korau ya tabbata Iya tulu za ta yi, Jatau kuma ya tabbata agwagwa ce, don haka duk suka ce ai gaskiyar Tunau. Ma'aikacin ya dubi agogo ya dubi sama, ya ce shi ba zai kwana a ƙauye saboda silifa ba, zai je ya kai ƙara. Ya sauka gulbi a fusace. Malam ya aika a kira Iya, ya zauna ya dafe kai yana tunanin abin da zai faɗa gobe.

Kwale-kwalen bai kai tsakiya ba iska ta taso. Daga ƙarƙashin tsamiya suna kallo ya juya sau biyu, ya karkata, ya kife a daidai inda na wancan zaɓen ya kife. Masunta suka faɗa ruwa suka tsamo ma'aikacin da mai tuƙi, ba abin da ya same su. Jakar ce ta tafi, takardunta suka bazu a kan ruwa suna bin gulbi. Malam ya dubi takardun, ya dubi akwati a ƙirjin Tunau. Ya ajiye abin liƙen.

Ruwa ya sauko. Tunau ya tuɓe rigar mahaifinsa ya lulluɓe akwatin, ya duƙa a kansa, ya sandare. Agwagi kuwa, da suka ga mai korarsu ya zama dutse, suka dawo. Ɗaya ta haye bayansa, ta taka har wuyansa, ta zauna a kan hula tana karkaɗe fiffike.

A haka Iya ta same shi, Lantana na jan ta, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Idonta ba ya ganin komai sai inuwa. Ta ga inuwar wani ƙato a ƙame, da wani abu a bisa kansa. Ta matso har ta kusa taɓa shi.

"Malam," in ji Tunau ta cikin haƙora, bai motsa ba, "alamar jam'iyya ta hau kaina, kuma ba zan iya sakin akwati ba."

Iya ta tsaya. Kafaɗunta suka fara rawa. Lantana ta zaci kuka ne, ta riƙe ta. Sai ga dariya ta ɓalle, irin wadda ta daɗe a rufe, har da kai baya, ruwan sama da hawaye na gangara tare. "Nomau!" take cewa. "Wayyo Nomau, zo ka ga ɗanka!"

Tunau ya ɗago a hankali, agwagwa ta yi tsalle ta sauka. Ya ciro katin daga hula, ya duba, ya dubi mahaifiyarsa, ya sake dubawa.

"Iya! Ke ce!"

"Ni ce mana. Da ina ka zaci na tafi?"

Malam da kansa ya riƙe mata lema ta shiga lungun zana. Ta fito da shuɗin yatsa, Tunau ya ɗaga gefen riga, ta lalubi bakin akwati ta saka takardarta. Washegari Sarkin Ruwa ya ƙetare da akwatin a babban jirginsa, Tunau na zaune a kai da igiya a ƙafa, aka kuma ƙirga ƙuri'ar Iya tare da sauran.

Amma a yammacin nan, bayan ta jefa, Iya ta je ta sa ƙafa cikin takalminta da ya cika da ruwa, ta kama hannun Lantana suka nufi gida, ana jiyo dariyarta har bayan masallaci. Tunau ya bi layin da ido tun daga gaba har ƙarshe.

"Malam," ya ce, "yanzu ba kowa. Rufe."