Rasuwar Ƙazami, Allon Kwaɓa Fentina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da ɓacin rai, ni tsohon malamin zane mai zama da burushi a bakin titi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar allon da nake kwaɓa fenti a kansa, wanda mutanen gidana suka laƙaba wa Ƙazami. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da uku a hannuna na hagu. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, kuma wanda ya kashe shi ya zo yana murmushi, yana jiran godiya.

Marigayin ɗan katako ne da bai fi faranti faɗi ba, da huda ɗaya ta babban yatsa. Ba shi da kyan gani, wannan ban musa ba. Amma mai haƙuri ne. Mun sha rana tare a tashar mota, mun sha hayaƙi a ƙarƙashin gada, ruwan sama ya kore mu daga bayan kasuwa ya fi a ƙirga, bai taɓa tsagewa ba. Idan na rataye shi a kekena yakan riƙa bugun ƙarfe, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har mai gyaran takalmin da ke kwanar da nake zama yakan share min wuri tun kafin ya hango ni.

Abin da gidanmu ke kira ƙazanta kuwa, fenti ne na shekaru da ya bushe ya hau kan juna, kowane launi da tudunsa. Ja yana da tsini. Kore shimfiɗaɗɗe ne da tsaga a tsakiya. Ruwan ƙasa kai biyu gare shi, shuɗi kuma yana maƙale kusa da babban yatsa.

Tunda mai rufa min asiri ya tafi, bari in faɗa da bakina. Shekara huɗu ke nan idanuna suka fara cin amanata. Ina ganin mutum, ina ganin bishiya, amma ja da kore da ruwan ƙasa duk sun zama 'yan uwa ɗaya a wurina, balle in rana ta take. Kullum da safe nakan rufe ɗaki, in karanta sunan kowane fenti da gilashin ƙara girma, in matsa shi a kan tudunsa. In na fita, yatsana ya taɓa tudu, ya faɗa min launi. Na ɓoye ne saboda 'yata, wadda nake zaune a gidanta, ta daɗe tana neman dalilin da za ta hana ni yawon titi. Ni kuma ranar da aka zaunar da ni a falo gaban talabijin, a ranar za a iya rubuta tawa sanarwar.

Ba zan ambaci sunan wanda ya yi kisan ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Zan dai ce kafinta ne, kuma yana auren 'yata. Mutum ne da in ya ga katako mai gautsi hannunsa ke ƙaiƙayi. Na je asibiti gwajin hawan jini, na bar marigayin a jingine a bayan ƙofa. Ba wanda ya aike shi, ba wanda ya roƙe shi. Ya ɗauke shi zuwa shago, ya kankare da kurfi, ya bi da samfefa, ya shafe shi da man sheƙi har hawa uku. Da yamma ya miƙo min shi a naɗe cikin jarida, yana cewa, "Baba, ga shi na mayar maka da shi sabo."

Na ga fuskata a jikin allon. Na shafa, yatsana ya zame daga wannan baki zuwa wancan bai gamu da kowa ba. Surukuta ta ɗaure min harshe, na ce masa sannu da aiki. Wannan sannun tana cikin manyan ƙaryar da na yi a rayuwata, kuma a nan nake janye ta. Garin neman gira an rasa ido, sai dai girar tasa ce, idon nawa.

Washegari na yi taurin kai na fita da gawar. Fenti ya ƙi zama a kan santsi, ya riƙa gangarowa yana shiga juna. Na zana mai gyaran takalmi a ƙarƙashin bishiyarsa kamar yadda na saba. Da na gama ya leƙo, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni a hankali ko lafiya ya ga fuskarsa koriya, ganyen bishiya kuma ja wur. Masu jiran mota suka yi dariya. Shi bai yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo.

A gida 'yata ta ga zanen. Ta dube shi, ta dube ni.

"Baba, tun yaushe?"

Na ɗauke zanen na shige ɗaki. Da gari ya waye na tarar an sa wa kekena kwaɗo.

Marigayin ya rasu ya bar burushi bakwai, biyu daga cikinsu sun yi sanƙo. 'Yar kujera mai naɗewa. Gwangwanin wanke burushi. Keke a ɗaure. Da tsoho ɗaya da aka fara yi wa magana da ƙarfi kamar kunnensa ne ya lalace. Iyalan ba sa karɓar ta'aziyyar masu cewa ai katako ne kawai. Ba sa kuma karɓar sabon allo, musamman daga shagon da aka sani.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma na safe, a kwanar mai gyaran takalmi. Zan taka da ƙafata, tunda ƙafa ba a sa mata kwaɗo. Za a rataye marigayin a jikin bishiya, masu wucewa su riƙa duba fuskarsu, tunda abin da ya rage masa ke nan. Daga nan zan buɗe kujerata in zauna aiki.

Kafinta ne zai ɗauki gawa. Dole ya rufe shagonsa, ya bar samfefa a gida, ya tsaya a hannuna na hagu inda marigayin yake tsayawa. Duk inda na nuna da burushi ya faɗa min ja ne ko kore, gobe da jibi da duk ranar da na fita. Kada ya zo da komai sai idanunsa biyu, tunda ya kankare nawa.